Wadda Ba a Yanka wa Rago Ba

Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa. Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Ta sha kunu, ta ce in duba ko an ba ragonta ruwa. Na je na dawo, na tarar ta tafi.

Uwar mijina ce. Shekara arba'in da wani abu muna gida ɗaya a Aliero. Mijina ya riga ta, dangina suka zo ɗaukata, na ce ba inda za ni. Mu biyu muka rage a gidan, sai dabbobi.

Kafin la'asar gida ya cika. Mata sun zo daga Jiga Makera da ƙafa, wasu daga Jega a bayan motar albasa. Kusan duk wadda ta shigo Inna ce ta yanke mata cibiya, don ungozoma ce tun kafin a kawo ni gidan. Ba wadda ta faɗi sunan da liman ya raɗa mata. Sai su durƙusa su ce, "Ni ce Ta-roro." "Ni ce Tune." "Ni ce Delu ta gidan maƙera." Sunayen da Inna ta sa musu ke nan ranar da suka faɗo hannunta.

Wata ƙatuwar mata, da kyar ƙofar ɗaki ta ɗauke ta, ta zauna tana kuka tana dariya.

"Masoro ta sa mini," ta ce, "wai don ta ɗauke ni da hannu guda kamar ƙwayar masoro. Ku dube ni yanzu. Duk sa'ad da ta gan ni sai ta ce, ke Masoro, kin ci amanata."

Ni ban yi kuka ba. Na yi mata wanka, na shimfiɗa wa baƙi tabarmi. Na ji wata tana cewa zuciyata ta bushe. Ban musa ba. Na binne 'ya'ya biyar da miji, kuka bai dawo mini da ko ɗaya ba.

Washegari surukina, mijin ɗiyata, ya shigo da takarda da biro. A Birnin Kebbi yake aiki tun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Ya durƙusa daga nesa.

"Mama, za mu kai sanarwa gidan rediyo. Mi ne ne sunan marigayiya?"

Ban amsa ba. Mace ba ta kama sunan uwar mijinta, ni kuwa ban taɓa yi ba ko a ɗaki ni kaɗai. Ɗiyata tana gefe da tsohon ciki, ita ta raɗa masa. Ya ɗaga biro daga takarda.

"Wanga ba ya shiga rediyo," ya ce. "Sunanta na yanka nike nufi."

Aka tambayi tsofaffin da ke zaune, kowa ya dubi na kusa da shi. Ba wanda ya sani. Waɗanda suka girme ta sun ƙare, sauran kuwa Inna suka tashi suna cewa. Ranar aka yi sanarwa, aka ce mahaifiyar marigayi wane ta rasu. Matar da ta sa wa rabin matan gari suna, aka faɗi mutuwarta ba suna.

Sunan da aka sani nata na 'yan wabi ne. A da, idan mace tana haihuwa suna mutuwa, wanda ya biyo baya sai a sa masa sunan raini, don mutuwa ta ga ba a damu da shi ba ta wuce. Irinsa ne nata. Shi ya sa surukina ya ɗaga biro.

Inna ba ta ja da malamai. Takan ce, "Liman da nashi, ni da nawa. Nashi na addu'a, nawa na kira." Idan ta yanke cibiya sai ta dubi jaririya, ta dubi uwar, ta leƙa waje ta ga abin da gari ke ciki. Wadda ta zo ana roron gero, Ta-roro. Wadda ta zo bayan uwar ta fid da rai da haihuwa, Tune. Mace bayan maza, Kande ko Delu. Wadda ta zo ana tsuga ruwa, Ana-ruwa. Ka faɗa mata sunan mace, ta gaya maka yadda gidan yake ranar da aka haife ta, da wanda ke raye da wanda ya mutu. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta taɓa haɗa ɗiyar wani da ta wani ba.

Da sababbin sunaye suka shigo, sai ta sami abin ba'a. Samari na dawowa daga makarantu da ƙananan littattafai na sunaye, su buɗe shafi su zaɓa. Wata rana muna gyaran albasa a gindin rudu, inda ake jibge ta ta sha iska, wata amarya ta zo gaishe ta da goyo.

"Mi anka sa mata?" Inna ta ce.

"Shamsiyya, Inna."

"Sunan atamfa ne ko na maganin tari?"

"Larabci ne, Inna. Rana yake nufi."

"To da rana anka haife ta?"

"Da asuba."

"Kin ji ƙarya tun ba ta yi haƙori ba." Ta karɓi yarinyar ta juya ta. "Ran wace?"

"Laraba."

"Larai ke nan. Ku kira naku, in kira nawa, mu ga wanda za ta amsa."

Yarinyar tana nan, Shamsiyya take amsawa. Inna ta san haka. Cikin shekarun nan na ƙarshe tana sa suna, ba ya kamawa. Ta ce mini, "Da in na jefa suna kamar ƙaya yake manne wa zane. Yanzu faɗuwa yake yi." Ta ci gaba da tsinke saiwar albasa.

Akwai wani hali nata da ban gane ba sai bayan ranta. Kullum da rago a turkenta. Ba ta sayarwa, ba ta layya da shi. Idan aka haifi mace a gidan da ba hali, uban ya ce a raɗa suna, rago sai an samu, to ranar bakwai da sassafe za a ga Inna tana jan rago zuwa ƙofar gidan. Ba ta sallama. Ta ɗaure ta tsaya bayan darnin kara har sai ta ji liman ya faɗi suna, ta ga jini ya zuba. Sannan ta shiga ta faɗa wa jaririyar sunan a kunne sau uku. Na maza ba ta damu ba. "Namiji ba a manta ragonshi," take cewa. Daga nan ta nemo wani ɗan rago ta ɗaure.

Mun yi faɗa sau ɗaya, amma ya kai shekara biyu.

Biyar ɗin nan da na binne, ba wanda ya kai yaye. Ta shida mace ce. Inna ta yanke cibiya, ta naɗe ta a tsumma, ta fita da ita. Na rarrafa na leƙa. Na ga ta ajiye ta a kan juji bayan gida, cikin toka da ɓawon albasa, ta juya baya ta taho. Matar mahauci da ke maƙwabtaka da mu ta zo ta ɗauka, kamar yadda suka shirya, ta shigo tana cewa ga abin da ta tsinta, ko akwai mai so. Inna ta ce, "Ajiye nan. Ajuji ce."

Na ce mata, "Ɗiyata ba shara ba ce."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Awo."

Na ce, "Allah ya isa."

Ta ce, "Ya isa. Tashi ki shiga wanka, ruwa na hucewa."

Daga ranar ban ƙara yi mata magana ba. Ina tuƙa tuwo in ajiye mata a ƙofa, ta dafa mini ruwan jego ta ajiye mini a ƙofa. Mijina ya ce a dakata da rago a ga ko yarinyar za ta zauna, don ya gaji da yanka wa ƙasa. Ranar ce kaɗai na ji Inna ta ɗaga masa murya. Ta ce ko ya kira liman ko ta bar masa gidan. Aka yanka rago, aka raɗa Hauwa'u. Amma Ajuji gari ya kama.

Da masu lamba suka zo Jega suna yi wa yara allura, mata da yawa sun ɓoye nasu. Inna ta goya yarinyar ta hau motar albasa, ta dawo da ita da tabo a damtse. Matar mahauci ta ce, "Inna, ga juji ga allura, wanne ne gaskiya?" Ta ce, "Ban sani ba, shi ya sa na yi duka."

Ranar yaye ta ɗauke ta zuwa ɗakinta kwana bakwai. Ta dawo da ita tana tafiya da ƙafarta, da loma a hannu.

"Ga ta," ta ce. "Ta ci tuwo. Yanzu in zagi ne ki ƙarasa."

Na ce, "Sannu, Inna."

Shi ke nan. Ba mu ƙara tayar da maganar ba.

Ɗiyata ta yi boko. A makaranta yara suka sa ta gaba da sunan, har da toshe hanci idan ta wuce. Ta jure, ta gama, ta zama ungozomar asibiti a Maiyama. Ranar da ta fara zuwa gida da farar riga, Inna ta fito da murna tana cewa Ajuji ta dawo. Ɗiyata ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Inna, sunana Hauwa'u. Kada ki ƙara kirana da wanga suna. Kin zubar da ni kan shara, kin bar ni ina yawo da ita."

Inna ta dube ta. Ta ce, "To, Malama."

Daga ranar Malama take ce mata, har ta mutu. Ba fushi, ba gori. Tana aika mata da man shanu da busasshiyar kuɓewa, tana cewa a kai wa Malama. Ɗiyata ta sha cewa za ta zo ta ba ta haƙuri, aiki yana hana ta. Ta zo da ciki wata tara don ta haihu a gida, ta kwana biyu tana neman bakin maganar. Rana ta uku Inna ta tafi.

Ranar sadakar uku ɗiyata ta haihu. Mace. Ni na yanke cibiya da askar Inna. Ba wanda ya leƙa waje ya ga abin da gari ke ciki.

Surukina ya riga ya zaɓi suna daga littafinsa, Nabila. Ɗiyata ta ce a'a, takwarar Inna za a yi.

"Na hana ta kirana," ta ce. "Bari in riƙa kiranta kullum."

Ya ce ya yarda, in dai an samo sunan yanka. Sauran kwana bakwai suna. Ba mai zuwa nema sai ni.

Na jira aka yi sadakar bakwai, saura kwana uku. Na hau mota zuwa Jega, daga can Maiyama. Na san Inna 'yar Liba ce, amma ban taɓa zuwa ba. Ita ma tun da uwarta ta mutu ba ta koma ba. A Karaye aka nuna mini wata tsohuwa da aka ce sun yi ɗiban ruwa tare. Na same ta hankali ya fara barinta, tana tambayata ko Inna ta yi aure. Na wuce.

A Liba aka kai ni wurin wani tsoho makaho, ɗan wan ubanta. Yana zaune a inuwar rumbu yana tufka igiya. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi mata addu'a, hannunsa na ta aiki.

"Ke ce matar ɗanta?" ya ce.

"Ni ce, Baba."

"Ba ta gaya miki ba?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ta da shi," ya ce.

Na ɗauka bai ji ni ba. Na sake faɗa.

"Na ji ki. Ba ta da sunan yanka. Ubanta ya yanka rago shida, ya binne shida. Da anka haife ta ya ce ba shi kiran liman sai ta yi tafiya. Ta yi tafiya, ya ce sai an yaye ta. Anka yaye ta, fara ta sauka ta cinye gero, ba mai rago a garin ga. Kafin a farfaɗo ya mutu. Wa za ya tuna da ragon ɗiya mace, marainiya? Ran ɗaurin aurenta ina wurin. Ɗiyar wane anka ce, anka shafa fatiha."

"Ta sani?"

"Mu munka sanar da ita. Muna yara, in mun yi faɗa sai mu ce mata marar rago." Ya ajiye igiyar. "Ni na fi kowa faɗa. In kin je kabarinta ki ce na ce ta yafe."

Na tashi. A mota na tuna rago a turke, na tuna tsayuwarta bayan darni, na tuna ranar da ta ce wa mijina za ta bar masa gidan. Shekara arba'in ina ganin abin, na ɗauka rigimar tsufa ce. Ina kwana ɗaki na jikin nata. Ban tambaya ba.

Na iso gida ana jibi suna. Na gaya musu yadda na ji, ban ƙara ban rage ba. Ɗiyata ta rungume jaririyar ta ce to a sa mata wanda ake da shi, ko wane iri ne.

Surukina ya ce, "Hauwa'u, ke kin san abin da kinka sha a makaranta. Shi za ki ba ɗiyarki?"

Ta ce, "Mama, ki yi magana."

Suka zuba mini ido. Ina son sunan ya zauna a gidan nan fiye da yadda take so. Na san idan na ce a sa, surukina ba zai iya musa mini ba. Amma na tuna bara, wata yarinya da ta binne biyu ta zo da ciki tana roƙon Inna ta yi mata na juji idan ta haihu. Inna ta ce ta tafi Maiyama wurin Malama a duba ta. Da ta fita na ce, "Inna, kin bar sana'a?" Ta ce, "Sunayenmu na tsoro ne. Ba don kyau anka sa mana su ba. Ran da anka daina sa su, kada ki yi mini baƙin ciki."

Na ce wa ɗiyata, "Ba za a sa ba."

"Mama, to shi ke nan ta tafi? Ba takwara, ba komai?"

"Shi ke nan."

Ta juya fuska bango. Ban lallashe ta ba. Ban iya ba.

Ranar suna da safe maza suka taru a ƙofar gida. Limamin unguwa sabo ne, bai daɗe da gadon ubansa ba. Aka raɗa Nabila, aka yanka ragon da uban ya kawo. Mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa saboda makoki. Ni kuwa na je turke na kwance ragon Inna, wanda ta ce in duba ko an ba shi ruwa. Na ja shi har bakin zaure, na tura shi waje, na tsaya bayan darni inda take tsayawa.

Liman ya ce, "Ai an riga an yanka."

Na ce, "Wanga na wata ɗiya ne. An haife ta a Liba, ba a yanka mata ba."

Surukina ya matsa ya yi masa bayani a hankali. Liman ya ce wanda ya rasu ba a yi masa suna, amma sadaka tana isa gare shi, kuma Allah ya san niyya. Aka kayar da rago. Ya ɗauki wuƙa, ya tsaya.

"Wa za mu ce?"

Dattawan da suka sani suka dubi ƙasa. Surukina ya dubi takalminsa. Ba mai son ya faɗi wannan suna a gaban jama'a da ranar farin ciki. Rago na ta numfashi a ƙasa.

Shekara arba'in da wani abu bakina bai taɓa ɗaukarsa ba. Na ji ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Na faɗa.

"Ayashe."

Liman ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya yadda har na bayan layi za su ji.

"Ayashe. Sunanta Ayashe."

Liman ya gyara riƙon wuƙa. Sannan ya ce, "Allah, wannan sadaka ce ga baiwarka Ayashe," ya yi bisimilla ya yanka. Na tsaya har na ga jini ya zuba. Ba kunnen da zan shiga in faɗa wa sau uku. Na koma turke na zauna kusa da igiyar. A nan Masoro ta same ni, ta ce ashe ina da hawaye.

Nabila tana nan lafiya, ta fara zama. Sunan ya dace da ita, ina kiransa daidai. A unguwarmu yanzu akwai Nusaiba biyu da Fauziyya uku, ba Tune ko ɗaya. Da Ta-roro da Masoro da sauransu sun bi Inna, ba wanda zai ƙara jin irin sunayen nan. Na ɗaure wani ɗan rago a turke. Ɗiyata ta ce idan ta zo gida in riƙa ce mata Ajuji. Na gwada sau ɗaya, muka kasa duban juna, na bari.

Ni ban iya rubutu ba, ɗiyata ke rubuta wannan ina faɗa. Na ce sunan da rediyo bai ɗauka ba ta sa shi a takarda, kada ta gyara, kada ta ƙara masa Hajiya.

Ayashe, 'yar Liba, ungozomar Aliero. An ce a yashe ta, ta shekara kusan casa'in tana ɗaukar 'ya'yan mutane. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya yafe mana abin da ba mu tambaya ba. Ran da za a kira kowa, Allah ya kira ta da sunan da ya fi wanda muka ba ta.